Kun Tambaya, Mun Amsa: Celestine Babayaro, lamba ukun da Kaduna ta ba Najeriya

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa duk sun haɗu a kan mutum ɗaya, wato tsohon mai tsaron bayan hagu (lamba uku) na Super Eagles, Celestine Babayaro. Mun taƙaita tambayoyin domin fili ya ishe mu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifina yakan ce 'yan Kaduna ne suka ciyo wa Najeriya zinaren Atlanta, kuma duk lokacin da ya faɗi haka sai ya fara da sunan Babayaro. Ni an haife ni bayan wannan gasa. Wane ne shi, kuma ta yaya ya kai Turai yana yaro? (Daga wani ɗalibi a Kakuri, Kaduna)

AMSA: Wa'alaikumus salam. Ka gaishe da Baba, ka kuma gaya masa cewa maganarsa tana da tushe, ko da yake 'yan wasan sauran sassan ƙasar nan ma sun zubar da gumi a wannan nasara. A tawagar da koci Jo Bonfrere ya kai gasar Olamfik ta 1996 a Atlanta ta Amurka akwai Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal, ga Celestine Babayaro da yayansa Emmanuel, wanda ya je a matsayin mai tsaron raga na ko-ta-kwana, kuma dukkansu a Kaduna suka tashi. Da wuya ka sami wani gari guda da ya ba tawagar adadin da ya kai wannan.

An haifi Celestine a Kaduna ranar 29 ga Agustan 1978, ya kuma taka leda a Plateau United ta Jos kafin ya bar gida. Duniya ta fara saninsa ne a 1993, lokacin da Fanny Amun ya kai 'yan ƙasa da shekara 17 gasar duniya a Japan, tare da Nwankwo Kanu da Wilson Oruma da Mobi Oparaku. Yaran sun zura wa Kanada ƙwallo 8, sun ci Ajantina 4 da nema, sannan suka doke Ghana 2-1 a wasan ƙarshe a Tokyo. Masu farautar 'yan wasa na ƙungiyoyin Turai suna zaune a wuraren kallo da littattafansu, don haka kafin shekara ta zagayo Kanu yana Ajax, Babayaro kuma yana Anderlecht ta Beljiyam.

Zuwansa Beljiyam ba dace ba ne kawai. A wancan zamani ƙasar ita ce ƙofar da 'yan ƙwallon Najeriya suka fi bi su shiga Turai, tun bayan da Stephen Keshi ya buɗe hanyar ya kuma yi shekaru huɗu a Anderlecht ɗin kanta. Amokachi ya bi ta Club Brugge, Victor Ikpeba da Sunday Oliseh suka bi ta Liege. Ƙungiyoyin ƙasar ba su da kuɗin gogayya da na Italiya ko Ingila, saboda haka sana'arsu ita ce su ɗauko yaro da arha, su gyara shi, su sayar da riba, kuma wannan ne ya sa suke saurin jefa matashi cikin manyan wasanni.

Ranar 23 ga Nuwamban 1994 Anderlecht ta sa shi a wasan gasar Zakarun Turai da Steaua Bucharest a Romaniya, yana da shekara 16 da kusan wata uku, sai ya zama mafi ƙarancin shekarun da ya taɓa buga gasar. Bai kai hutun rabin lokaci ba, domin a minti na 37 alƙalin wasa ya ɗaga masa jan kati, aka kuma tashi 1-1. Tarihin da ya kafa a wannan dare ya tsaya shekara 26 kafin Youssoufa Moukoko na Borussia Dortmund ya karya shi a Disamban 2020. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙungiyar ba ta jingine shi ba saboda wannan kuskure na ƙuruciya. Ya ci gasar Beljiyam da ita a kakar 1994/95, a 1996 kuma aka ba shi kyautar gwarzon ɗan wasa ɗan asalin Afirka a gasar ƙasar, wadda Amokachi da Ikpeba da Godwin Okpara suka riga shi karɓa.

Yanzu ga Atlanta, inda hujjar Baba take. Mutane da yawa idan an ambaci gasar Kanu kawai suke tunawa, kuma ya cancanta, amma wanda ya bi wasannin ɗaya bayan ɗaya zai ga ƙafar Babayaro a kowane mataki na zagayen sili-ɗaya-ƙwale. Shi ya ci ƙwallo ta biyu a wasan da aka doke Meziko 2-0. A wasan kusa da na ƙarshe, bayan Brazil ta zura ƙwallo tun a minti na farko, shi ya kutsa ta gefen hagu ya bugo ƙwallon da Roberto Carlos ya ci gidansu da ita, kafin wasan ya juya ya ƙare 4-3 da ƙwallayen Ikpeba da Kanu. Ranar 3 ga Agusta kuwa, a wasan ƙarshe da Ajantina, a filin Sanford da ke garin Athens na jihar Jojiya, gaban 'yan kallo sama da 86,000, Claudio Lopez ya ci Najeriya a minti na uku. Ajantina ta zo da Hernan Crespo da Ariel Ortega da Javier Zanetti da Roberto Ayala, kuma a lokacin da yawa daga cikin masu kallo a gida sun fara sarewa. A minti na 28 aka yanko ƙwallo daga dama, sai ga mai tsaron bayan hagu ya baro wurin aikinsa tun daga can, ya tashi sama a cikin da'irar Ajantina ya sa mata kai, ta faɗa raga. Yana sauka ya ruga gefen fili ya yi alkafurar da ta zama tambarinsa. Crespo ya ƙara ta biyu da fenareti, Amokachi ya farke, Emmanuel Amunike ya rufe da ta uku a daidai lokacin tashi. Duk wannan ya faru ne kafin Babayaro ya cika shekara 18.

TAMBAYA: Muna musu a gidan kallo. Wasu sun ce Mikel Obi ne ya fara sa 'yan Najeriya son Chelsea, ni kuma na ce Babayaro ya riga shi zuwa. Me ya ci a can, kuma me ya sa ba a ambatonsa cikin manyan 'yan wasan ƙungiyar? (Daga wani magoyin bayan Chelsea a Maraɗi)

AMSA: Kai ne da gaskiya game da wanda ya riga zuwa, kuma tazarar ba kaɗan ba ce. Ruud Gullit ya sayo Babayaro daga Anderlecht a 1997 a kan fam miliyan 2.25, kuɗin da Chelsea ba ta taɓa kashewa a kan ɗan ƙasa da shekara 20 ba a lokacin, shi kuwa Mikel sai 2006 ya sa rigar ƙungiyar, bayan Babayaro ya riga ya tafi. Abokan musunka suna da uzuri ta fuska ɗaya: a shekarun Babayaro gidajen kallo ba su bazu lungu-lungu ba, yawancinmu ta rediyo da jarida muke bin gasar Firimiya, don haka yawan magoya bayan da ake gani yanzu sun taso ne a zamanin Mourinho da Drogba da Mikel.

Shekararsa ta farko a Landan ta nuna abubuwa biyu da za su bi shi har ƙarshen zamansa. Na farko, bai daɗe da zuwa ba ƙungiyar ta dawo da Graeme Le Saux daga Blackburn a kan fam miliyan 5, wanda shi ne lamba ukun Ingila a lokacin, sai ya zama mutum biyu ne ke neman gurbi ɗaya. Na biyu, rauni ya kwantar da shi a tsakiyar kakar, har bai buga wasan ƙarshe na kofin zakarun kofuna na Turai da aka ci Stuttgart a 1998 ba. Da ya warke, Gianluca Vialli, wanda ya gaji Gullit, ya ga asara ce a bar ɗayansu a benci, sai ya riƙa sa Le Saux a baya, Babayaro a gabansa a tsakiya ta hagu. A haka suka fito ranar 28 ga Agustan 1998 a Monako suka doke Real Madrid 1-0 a kofin Super Cup da ƙwallon Gustavo Poyet, ana gobe zai cika shekara 20.

Kakar 1999/2000 ita ce ƙololuwarsa, kuma ta zo masa da daɗi da ɗaci. Chelsea ta shiga gasar Zakarun Turai a karon farko ta kai zagayen kwata fainal, ta doke Barcelona 3-1 a Stamford Bridge. A karawa ta biyu a Camp Nou Barcelona ta rama 3-1, aka shiga ƙarin lokaci, Luis Figo ya kutso cikin da'ira, Babayaro ya kayar da shi. Alƙali ya ba da fenareti da jan kati, Rivaldo ya ci, Patrick Kluivert ya ƙara, aka tashi 5-1. Wata guda bayan nan yana cikin sha ɗayan farko da suka doke Aston Villa 1-0 da ƙwallon Roberto Di Matteo a wasan ƙarshe na kofin FA, wanda shi ne na ƙarshe da aka buga a tsohon filin Wembley kafin a rushe shi. Ya sake buga wasan ƙarshen kofin a 2002, wanda Arsenal ta ci 2-0, aka canza shi da John Terry bayan hutun rabin lokaci.

Dalilin da ya sa sunansa ba ya fitowa cikin jerin gwarzayen ƙungiyar shi ne lokacin da ya zo da lokacin da ya tafi. Roman Abramovich ya sayi Chelsea a 2003, aka kawo Wayne Bridge daga Southampton, Jose Mourinho ya zo a 2004, kuma a watan Janairun 2005 Babayaro ya koma Newcastle, saura watanni kaɗan ƙungiyar ta ɗauki kofin gasar Ingila na farko cikin shekara 50. Ya yi shekara bakwai da rabi yana aiki a ƙungiyar da ake ginawa, ya buga mata wasanni kusan 200, amma ba ya cikin hoton ranar biki. A ganina wannan bai rage masa komai ba, domin Chelsea ɗin da Abramovich ya ga ta cancanci saye, wadda ta riga ta saba da cin kofuna da shiga gasar Turai, su Babayaro da Zola da Desailly da Dennis Wise ne suka kai ta wannan matsayi.

TAMBAYA: Na karanta cewa sau 27 kawai ya buga wa Super Eagles. Yaya za a yi ɗan wasa mai irin wannan suna ya tsaya a nan, alhali Joseph Yobo ya haura 100? Gaskiya ne korarsa aka yi? (Daga wata malamar makaranta a Jos)

AMSA: Malama, adadin da kika karanta haka yake, kuma dalilai uku ne suka taru suka haifar da shi. Da farko a sani cewa wasannin Olamfik da na 'yan ƙasa da shekara 17 ba sa shiga wannan lissafi, don haka Atlanta ba ta ciki, haka ma gasar Sydney ta 2000 inda Chile ta fitar da Najeriya da ci 4-1.

Dalili na biyu siyasa ce. A daidai shekarun da yake kan ganiyarsa Najeriya ba ta buga kofin Afirka ba har sau biyu. Gwamnatin Janar Sani Abacha ta janye ƙasar daga gasar 1996 a Afirka ta Kudu, bayan takun saƙar da ta biyo bayan rataye Ken Saro-Wiwa, hukumar CAF kuma ta hukunta ta da hana ta shiga ta 1998 a Burkina Faso. Wannan ya cinye wa tsararsa gaba ɗaya wasannin share fage da na gasar, kuma har yau ina jin zafin abin, domin tawagar da ta ci kofin a 1994, aka ƙara mata yaran Atlanta, ba ta sami damar kare kambunta ba. Abin da ya samu shi ne kofin duniya na 1998 a Faransa ƙarƙashin Bora Milutinovic, inda aka doke Sifaniya 3-2 da Bulgeriya 1-0 kafin Denmark ta yi waje da Najeriya da ci 4-1, sai kofin Afirka na 2000, wanda Kamaru ta ɗauke a Legas da bugun fenareti bayan an tashi 2-2, sai kuma kofin duniya na 2002 ƙarƙashin Festus Onigbinde, inda ƙasar ta dawo daga matakin rukuni da maki ɗaya. Rauni shi ne dalili na uku, kuma ya hana shi amsa gayyata ba sau ɗaya ba.

Batun kora kuwa gaskiya ne. A kofin Afirka na 2004 a Tunisiya, bayan Maroko ta doke Najeriya 1-0 a wasan farko, hukumar ƙwallon ƙafa ta sallami Babayaro da Yakubu Aiyegbeni da Victor Agali daga sansani bisa zargin karya dokar zaman sansanin, lokacin Christian Chukwu yana koci. Tawagar ta ci gaba ba tare da su ba har ta zo ta uku. Yakubu ya dawo daga baya ya yi shekaru yana ci wa ƙasar ƙwallaye, amma zamanin Babayaro a Super Eagles a nan ya tsaya, yana da shekara 25. Ba na cikin masu cewa kada a hukunta ɗan wasa don yana da suna, domin sansanin da ba doka ba ya cin kofi. Abin da nake gani kuskure shi ne rashin zama daga baya a sasanta da mutumin da a shekarunsa yawancin masu tsaron baya suke fara nuna.

TAMBAYA: Me ya faru da shi a Newcastle, har ya daina wasa bai kai shekara 30 ba? (Daga wani mai karatu a Kumasi)

AMSA: Graeme Souness ne ya ɗauke shi, kuma ya fara da ƙafar dama, domin a watansa na farko ya ci Coventry ƙwallo a kofin FA. Daga nan jikinsa ya ƙi ba shi haɗin kai. Yakan buga wasa biyu ko uku sai ya koma jinya, magoya bayan ƙungiyar suka fara ƙorafi, jaridu suka riƙa zarginsa da rashin himma, ga dakatarwar wasa uku da aka yi masa a 2006 saboda hannun da ya kai wa Dirk Kuyt na Liverpool. Amma akwai ranar da ya kamata masu wannan zargi su riƙa tunawa. Ranar 10 ga Fabrairun 2007, sa'o'i kaɗan bayan ya sami labarin rasuwar ƙaninsa sakamakon tarin fuka, ya sa takalmi ya fito filin St James' Park ya buga wa Glenn Roeder wasan da aka doke Liverpool 2-1, wanda Obafemi Martins ya ci ɗaya daga cikin ƙwallayen. Ƙungiyar tana fama da ƙarancin 'yan baya a lokacin, kuma babu wanda zai zarge shi da ya nemi uzuri.

A Disamban 2007 aka raba gari. Gullit, wanda ya kai shi Ingila shekara goma kafin nan, ya kira shi LA Galaxy a Amurka a farkon 2008, amma an sallame shi tun kafin a fara kakar, kuma a 2010 ya sanar da ritaya. Ni dai ina danganta wannan gajeren zango da yadda aka fara ɗora masa nauyi da wuri. Yaron da ya shiga karo da manya tun yana shekara 16, a matsayin da ke buƙatar gudu daga wannan kusurwar fili zuwa waccan na tsawon minti 90, kamar jakin da aka fara yi wa lodi ne tun ƙashinsa bai ƙosa ba. A yau manyan ƙungiyoyi suna ƙirga mintunan da matashi ke bugawa suna hutar da shi, abin da ba a cika damuwa da shi ba a wancan lokaci.

TAMBAYA: Tsakanin Babayaro da Taye Taiwo da Zaidu Sanusi, wa ya fi? (Daga wani matashi a Jega, jihar Kebbi)

AMSA: Na fahimci inda zuciyarka take, tun da Zaidu ɗan garinku ne, kuma yana da abin alfahari, domin ƙwallon da ya ci Benfica a mintunan ƙarshe a watan Mayun 2022 ita ta tabbatar wa Porto kofin gasar Portugal. Taiwo ya fi Babayaro daɗewa a Super Eagles, ya buga mata sama da wasa 50, ya ci gasar Faransa da Marseille a 2010, kuma ƙarfin harbinsa na ƙafar hagu babu na biyunsa cikin su ukun. Idan ma'aunin kofin Afirka ne, to Ben Iroha da ya ci a 1994 da Elderson Echiejile da ya ci a 2013 suna da abin da su ukun ba su samu ba.

Duk da haka Babayaro nake zaɓa, kuma hujjata ita ce cikar wasa da girman wuraren da ya nuna ta. Yana da gudu, ya iya riƙe ƙwallo a ƙafa cikin matsi, yana yanko ta daidai kan ɗan gaba, yana cin ta da ka, kuma kocin da ke da zaɓin 'yan wasa irin na Vialli ya yarda ya sa shi a tsakiya gaban Real Madrid. Rauninsa a fili yake: yakan yi gaggawar kai ƙafa, kuma jan katin Bucharest da na Barcelona duk daga nan suka fito, sannan idan ya tafi gaba yakan bar gurbin da mai saurin gudu zai bi. Taiwo ma yana da wannan matsala ta barin baya, har ta fi ta Babayaro fitowa fili lokacin da ya koma AC Milan a 2011 ya kasa samun gurbi. Zaidu kuwa ya fi su biyun natsuwa wajen komawa gida da tare hanya, amma kurosinsa bai kai na Babayaro kaifi ba, kuma a nan ne yake da sauran aiki.